Hayaƙin da ke cikin wiskin Scotland: abin da doka ta ce

Wanda ya buɗe kwalbar barasar wiski ta Scotland irin Laphroaig ko Ardbeg, abin da zai fara bugun hancinsa shi ne ƙaurin hayaƙi, kamar na rigar da ta kwana kusa da murhu, haɗe da warin maganin ciwo na asibiti. Da yawa na zaton zuba wani sinadari ake yi. Doka ta hana hakan.

Dokar wiskin Scotland ta 2009 ta ce ba a ƙara masa komai sai ruwa da ƙonannen sukari don launi kawai. Saboda haka tun daga hatsi hayaƙin ke shiga. Ana jiƙa sha'ir har ya yi tsiro, a shimfiɗa shi a ɗakin busarwa, a hura wuta daga ƙasa da abin da suke kira peat, wato baƙar ƙasar fadama da ta taru daga ruɓaɓɓen gansakuka da ciyayi na dubban shekaru. Yankanta ake yi kamar bulo, a shanya. Tsiron na da danshi yake shan hayaƙin, shi ya sa ƙaurin ke bin sa har cikin kwalba. A ganina nan ne dokar ta fi amfani, domin ta rufe ƙofar algus.

Sauran sharuɗɗan a bayyane suke. A Scotland za a yi shi, ya shekara 3 aƙalla a gangar itacen oak da ba ta wuce lita 700 ba, ƙarfin barasarsa kada ya gaza kashi 40 cikin ɗari. In an rubuta shekara 10, shekarun wiski mafi ƙarancin shekaru a cikin waɗanda aka haɗa a kwalbar ake nufi.

Akwai kuma inda mutane ke ruɗewa. Dokar ta ba sunayen yankuna biyar kariya: Highland, Lowland, Speyside, Campbeltown da Islay. Tsibirin Islay ya yi suna da hayaƙi, amma sunan a jikin kwalba wurin da aka tace wiskin kawai yake nunawa. Kamfanin Bunnahabhain a Islay yake, galibin wiskinsa kuwa ba ƙauri. Lambar ppm, wato ma'aunin yawan sinadarin hayaƙi, da wasu kamfanoni ke bugawa ma ba doka ce ta tilasta ba, kuma yawanci a tsiron aka auna ta kafin a tace, ba a abin da ke cikin kwalbar ba.