Daidaita kuloci, fulawil da ƙoƙon giya a tsofaffin motocin ƙarfi na Amurka

Motocin ƙarfi su ne waɗanda kamfanonin Amurka suka riƙa ƙerawa daga wajen 1964 zuwa farkon shekarun 1970 da manyan injuna masu silinda takwas, irin su Pontiac GTO, Chevrolet Chevelle SS da Plymouth Road Runner. A tsakanin injin irin wannan mota da akwatin giyarta akwai sassa uku da dole girmansu ya zo ɗaya: fulawil, wato faifan ƙarfe mai haƙora da ke ɗaure a bayan inji, kuloci da ke manne da shi, sai ƙoƙon giya, kwanson da ke rufe su duka biyu, ya kuma haɗa inji da giya. Galibin waɗannan motoci sun wuce shekara 50, an sha sauya musu inji ko giya, shi ya sa ake yawan cin karo da sassan da ba 'yan gida ɗaya ba.

Daga fulawil ake fara lissafi. Chevrolet ta yi iri biyu: mai haƙora 153 da faɗin inci 12.75, da mai haƙora 168 da faɗin inci 14. Ƙaramin yana ɗaukar kuloci mai inci 10.4, babban kuwa yakan ɗauki mai inci 11. Kowanne da ƙoƙonsa, kuma makanikai na gane su da ƙarshen lambar da aka zuba a jikinsu: 403 na ƙaramin fulawil ne, 621 na babba. Babban fulawil ba ya shiga ƙoƙon 403 ko da an yi ta dabara. Hatta kik ya bambanta, domin na mai haƙora 153 notinsa biyu a jere suke, na mai 168 kuwa a karkace. In aka haɗa su ba daidai ba, haƙoran kik ba za su kama ba.

Abin da ya fi haɗari shi ne wanda ido ba ya gani. Injunan Chevrolet 400 da 454 (lambobin girman inji ne) an daidaita nauyinsu ne daga waje, wato an bar wani ɗan nauyi a gefe guda na fulawil. Fulawil ɗin injin 350, wanda ba shi da wannan nauyi, zai zauna a kan 400 daram, notuna su ɗauru, amma da an tayar da inji sai mota ta kama kakkarwa, a hankali ta cinye boris. Ford ma haka: a injin 302 wannan nauyi na gefen fulawil oza 28 ne har zuwa 1980, daga 1981 aka koma 50, kuma fulawil ɗinsu akwai mai haƙora 157 da mai 164. Tsofaffin injunanta 221, 260 da 289 na farko ƙoƙonsu noti biyar ne, a 1964 aka koma shida.

Ta ɓangaren giya, a ƙirga tsagin da ke kan sandar da ke shiga farantin kuloci. Giyar Muncie ta General Motors ta shekarun 1960 tsagi 10 gare ta, daga 1971 ta koma 26. Giyar A833 ta Chrysler 23 ce, amma wadda aka sa wa injin Hemi 18. Buick, Oldsmobile da Pontiac kuma ramukan notin ƙoƙonsu sun saɓa da na Chevrolet, duk da cewa kamfanin General Motors ne ya haife su duka.

Ko sassa sun dace, saura saiti. Ana kafa agogon awo a kan fulawil, a juya inji da hannu, allura tana bin bakin ramin ƙoƙo. Kaucewa daga tsakiya bai kamata ta wuce inci 0.005 ba. Mutane da yawa na tsallake wannan awo, kuma kuskure ne babba, don shi ke sa giya ta yi tauri ko ta riƙa fita da kanta a kan hanya. Gyaransa shi ne a sauya turakun da ƙoƙo ke zama a kai da waɗanda aka ƙera da ɗan karkata, a murɗa su har allura ta dawo daidai.