Ma'anar "kuɗin shigar gidan tsakiya" da yadda ake auna shi a gundumar karkara

Duk mai bin labaran tattalin arzikin Amurka ya saba jin an ce matsakaicin kuɗin shigar gida a wuri kaza ya kai dala kaza. Kalmar "matsakaici" a nan tana ruɗa mutane, don abu biyu ake kira da ita. Na farko, a tara kuɗin kowa a raba daidai. Na biyu, wanda masana ƙididdiga ke kira midiyan, shi ne a jera gidaje daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba, a ɗauki gidan da ya faɗo a tsakiya cif. Rabin gidaje na sama da shi, rabi na ƙasa da shi.

A ɗauka wani ƙauye na da gida biyar. Samunsu a shekara dala 30,000, da 38,000, da 45,000, da 52,000, sai mai babbar gonar shanu da ke samun 500,000. In aka tara aka raba, kowane gida ya tashi da 133,000, alhali gida huɗu ba su taɓa ganin ko rabin wannan ba. Gidan tsakiya kuwa 45,000 yake samu, kuma shi ne ya fi kama da rayuwar ƙauyen. Shi ya sa Hukumar Ƙidayar Amurka ta fi dogara da shi. Ta ce a shekarar 2023 gidan tsakiya a ƙasar baki ɗaya ya samu dala 80,610.

"Gida" a nan na nufin duk waɗanda ke zaune a muhalli ɗaya, ko 'yan uwa ne ko a'a, ko da mutum ɗaya ne tal. Ana lissafa tsabar kuɗin da masu shekara 15 zuwa sama suka samu kafin a cire haraji. Tallafin abinci na gwamnati ba ya ciki.

Wahalar tana farawa ne idan aka sauko gunduma. Amurka na da gundumomi sama da 3,100, wasunsu ƙanana ƙwarai. Gundumar Loving a Texas mutum 64 aka ƙirga a cikinta a 2020. Har zuwa ƙidayar 2000 ana tambayar samun kuɗi ne a doguwar takardar da ake bai wa wasu gidaje duk shekara goma. Daga 2005 aka koma binciken ACS, wato binciken al'ummar Amurka da hukumar ke yi duk shekara, wanda yanzu ke tuntuɓar adireshi kusan miliyan uku da rabi a shekara. Yankin da bai kai mutum 65,000 ba ba a fitar masa da cikakkun alkaluman shekara guda, sai na shekara biyar a haɗe, don gidajen da aka tambaya ba su isa ba. Akwai kuma shirin SAIPE da ke cike giɓin, yana haɗa binciken da bayanan haraji don ya ba kowace gunduma ƙiyasin shekara-shekara.

To ƙiyasi ne, kuma kowanne na zuwa da tazarar kuskure a gefensa, wato iya yadda ainihin adadin zai iya fin ƙiyasin ko ya gaza shi. Ni wannan ƙaramin adadin nake fara dubawa, kuma yana ɓata mini rai yadda ake yawan jefar da shi. Idan tazarar ta kai dala 5,000, sai aka ce samu ya ƙaru da 2,000, ba a nuna komai ba tukuna. Haka nan ba a kwatanta alkaluman 2015 zuwa 2019 da na 2016 zuwa 2020, don shekara huɗu cikin biyar iri ɗaya ne. Sai dai a kwatanta zangon da ba su shiga juna ba.

Sai hauhawar farashi. Tsakanin 2000 da 2020 farashin kaya a Amurka ya tashi da kusan rabi. Gundumar da gidan tsakiyarta ya tashi daga dala 40,000 zuwa 55,000 a wannan tsakani, a takarda ta ci gaba, a kasuwa kuwa baya ta yi, don sai ta kai wajen 60,000 kafin ta riƙe matsayinta na da.

Abin da ya fi wuyar gani shi ne mutanen kansu suna canzawa. Samun manomi na hawa da sauka da damina da farashin hatsi. Matasa na tafiya birni, a bar tsofaffi masu fansho, sai adadin ya sauka ko da ba a rage wa kowa albashi ba. Wani lokaci kuma ma'aikata ɗaya tilo ce za ta rufe, masu ƙaramin ƙarfi su tattara su bar garin, sai gidan tsakiya ya matsa sama a jerin, alhali waɗanda suka rage ko kwabo bai ƙaru a aljihunsu ba.