Amurkawa da Yaƙin Duniya na Biyu: tambayoyi da amsoshi

Yaƙi ya soma a 1939, me ya zaunar da Amurka har ƙarshen 1941?

Mutanen ƙasar ne ba sa so. Sun tura 'ya'yansu Turai a yaƙin farko, suna ganin ba su ci ribar komai ba, ga talaucin shekarun 1930 bai gama sakinsu ba. Shugaba Franklin Roosevelt ya fi jama'arsa ƙosawa, sai ya bi ta bayan gida: a watan Maris na 1941 majalisa ta ba shi damar bai wa Ingila, daga baya har Tarayyar Sobiyat da Sin, aron makamai da abinci. Gardamar ta mutu ranar 7 ga Disamba, 1941, da jiragen Japan suka afka wa sansanin Pearl Harbor a Hawaii, suka kashe mutum kimanin 2,400. Washegari Amurka ta ayyana yaƙi a kan Japan, ranar 11 ga wata kuma Hitila ya ayyana nasa a kanta.

Wanda bai sa kaki ba, me ya yi?

Nan ne labarin yake. A farkon 1942 aka dakatar da ƙera motocin hawa, masana'antun Detroit suka koma tankoki da injinan jirage. A masana'antar Ford ta Willow Run, an kai lokacin da kusan kowace awa ɗaya sai jirgin kai hari ya fito. Kafin a gama yaƙin ƙasar ta ƙera jiragen sama kusan 300,000, da jiragen ruwan dakon kaya samfurin Liberty fiye da 2,700.

A gida kuwa ƙaramin littafin rabo ne ya zama mai iko. Sukari, gahawa, nama, man shanu, fetur, har takalma, kuɗinka kaɗai ba ya saya maka su sai ka haɗa da tikitin gwamnati. An hana direba wuce mil 35 a awa don taya ta daɗe, domin Japan ta kame ƙasashen da roba ke fitowa. Iyalai suka yi lambuna a bayan gida, yara suka bi unguwanni suna tara ƙarafa da tsofaffin jaridu, mutum miliyan 85 suka ranta wa gwamnati kuɗi ta hanyar sayen takardun lamuni. Sai dai kada a kai su inda ba su kai ba. Takura ce, ba yunwa ba. Biranensu ba su sha ruwan bama-bamai irin na Landan ko Leningrad ba, albashi ma ƙaruwa ya yi, kasuwar bayan fage ta nama da fetur kuwa ta ci sosai.

Mata fa?

Maza sun tafi, inji kuma ba ya jira. Mata masu aikin albashi sun tashi daga wajen miliyan 12 zuwa kusan miliyan 19, wasu suna walda a wurin ƙera jiragen ruwa, wasu suna haɗa fukafukan jirage. Kimanin 350,000 sun shiga aikin soja. Albashinsu dai yawanci bai kai na maza ba.

A ina sojojinsu suka yi yaƙi?

Mutum miliyan 16 suka sa kaki, fiye da 400,000 ba su dawo ba. Sun sauka Maroko da Aljeriya a Nuwamban 1942, suka haye Italiya, sannan Normandi ta Faransa ranar 6 ga Yuni, 1944. A tekun Fasifik sun karya lagon rundunar ruwan Japan a Midway a 1942, suka bi tsibirai ɗaya bayan ɗaya har Okinawa, aka rufe da bama-baman nukiliya a Hiroshima da Nagasaki a Agustan 1945. Hanyar jiragensu ta ratsa ƙasarmu ma: jiragen da aka tsallako da su daga Brazil sukan sauka Accra, su bi ta Kano da Maiduguri zuwa Khartoum da Alƙahira.

To Amurka ce ta ci Hitila, kamar yadda finafinai ke nunawa?

Finafinai sun zuzuta. Mafi yawan sojojin Jamus da suka mutu a fagen gabas aka kashe su, wato a karawarsu da Tarayyar Sobiyat, kuma Tarayyar Sobiyat ta rasa mutum wajen miliyan 27. Amma sojan Rasha da ya doshi Berlin, sau da yawa a motar Studebaker aka ɗauko masa harsashi da abinci, don Amurka ta aika musu motoci kusan 400,000. A ganina Rasha ta fi zubar da jini, Amurka ta fi zuba kaya, kuma ɗaya ba ya soke ɗaya.

Da gaske kan Amurkawa a haɗe yake a lokacin?

A fuskar abokan gaba, i. A tsakaninsu, a'a. Baƙaƙen fata fiye da miliyan ɗaya sun yi soja, amma a rundunoni na daban, galibi a ƙarƙashin hafsoshi fararen fata, an fi ba su tuƙi da dako. Su ne mafi yawan direbobin ayarin motocin dakon kaya na Red Ball Express da suka riƙa kai wa dakaru mai da harsasai a Faransa a 1944. Sai da A. Philip Randolph, wani jagoran ma'aikata baƙaƙen fata, ya yi barazanar cika Washington da masu zanga-zanga a 1941 kafin Roosevelt ya hana wariya a masana'antun makamai. Jaridar baƙaƙen fata ta Pittsburgh Courier ta yi ta kiran a ci nasara biyu, ɗaya a waje a kan abokan gaba, ɗaya a gida a kan wariya. A Yunin 1943 rikicin launin fata ya ci rai 34 a Detroit, tsakiyar garin da ake ƙera makaman.

Amurkawa 'yan asalin Japan sun fi kowa ganin ta kansu. A Fabrairun 1942 Roosevelt ya sa hannu aka kwashe mutum kimanin 120,000 zuwa sansanoni, kashi biyu cikin uku 'yan ƙasa ne haifaffu, ba tuhuma, ba shari'a. Wasu samarin daga cikin sansanonin suka fita suka yi yaƙi a Italiya da Faransa, iyayensu na tsare a bayan waya. Sai a 1988 gwamnati ta nemi gafara, ta bai wa duk wanda ya rage da rai dala 20,000.

Bayan an gama, kowa ya koma inda yake?

Mata da yawa an sallame su don a ba sojojin da suka dawo guraben. Dokar 1944 ta tallafa wa tsofaffin sojoji ta kai miliyoyi makaranta, ta ba su rancen gida, ko da yake a jihohin kudu bankuna da jami'ai sun toshe wa baƙaƙe da dama hanya. Wariya a cikin soja kuwa sai a 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin soke ta.