Kafin ku kai yara bikin kaɗe-kaɗe, ku fara da kunnensu

Idan masu shirya biki suka rubuta a tallarsu cewa ana maraba da iyali, yawanci abin da suke nufi shi ne akwai filin wasan yara, akwai wurin canza wa jariri kunzugu, kuma ba za a ji kalaman batsa daga dandamali ba. Duk wannan abu ne mai kyau, kuma yara suna jin daɗin irin wannan fita. Amma wannan rubutun bai rage ƙarar lasifika ba, bai rage zafin rana ba, bai kuma hana cunkoso a ƙofa ba. Zafi da cunkoso ana ganin illarsu nan take. Ita ƙara ba ta zubar da jini, sau da yawa ko zafi yaro ba ya ji, shi ya sa iyaye suka fi yin sakaci da ita.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hirar mutum biyu tana kaiwa wajen 60. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga wuraren nishaɗi, inda ta ce matsakaicin ƙara kada ya wuce desibel 100 idan an auna shi cikin minti 15. Kada wannan adadi ya kwantar muku da hankali. Cibiyar da ke binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta ƙiyasta cewa babban mutum zai iya jure desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 97 rabin awa, 100 kuwa minti 15 kacal. Wato iyalin da suka tsaya awa biyu a gaban dandamali cikin ƙarar desibel 100 sun ninka abin da kunnen babba zai iya ɗauka sau takwas. Wannan lissafin manya ne. Ramin kunnen yaro ya fi ƙanƙanta, don haka sauti ya fi matsa masa, kuma jariri ba zai iya toshe kunnensa ko ya ce a matsa da shi ba.

A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi waɗanda ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su kamar ciyawar da aka tattake: in sau ɗaya ne takan miƙe, in aka yi ta bi ta kanta sai ta mutu. Waɗanda suka mutu ba sa sake tsirowa, kuma har yau babu maganin da ke dawo da su. Yaron da ke koyon magana da kunne yake koyonta, saboda haka raunin ji a wannan shekaru yana iya taɓa harshensa da karatunsa.

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar na'ura. Idan sai kun ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusa da ku, tazarar miƙa hannu, ya ji abin da kuke faɗa, to ƙarar ta kai inda take cutarwa. Ku ja da baya. A fili, duk lokacin da kuka ninka nisanku da lasifika ƙarar tana raguwa da kusan desibel 6. Sai dai ku ɗaga kai ku duba, domin manyan bukukuwa sukan kafa ƙarin lasifikoki a kan dogayen ƙarafa a tsakiyar fili. Iyaye da yawa suna gudun gaban dandamali su je su shimfiɗa tabarma a gindin irin wannan ƙarfe ba tare da sun lura ba.

Abin da ya fi dacewa da ƙananan yara shi ne murfin kunne, wanda ke rufe kunnen gaba ɗaya daga waje. A jikin kwalinsa za ku ga harufan SNR ko NRR da lamba, yawanci tsakanin 20 da 30, wadda ke nuna yawan desibel ɗin da yake ragewa a ɗakin gwaji. A kan yaro mai guje-guje ragin bai kai haka ba. Amfaninsa duka yana ga yadda ya manne da fata: gashi mai yawa, hula ko ƙafar tabarau idan suka shiga tsakani, sauti zai bi ta wannan kafa ya shige. Ku sayi daidai kan yaron, na jarirai kuma ku nemi mai ɗamara mai laushi wadda ba ta danne maɗiga. Ku fara sa masa a gida kwana biyu ko uku kafin bikin, domin yaron da ya fara ganinsa a tsakiyar hayaniya fizge shi zai yi.

Abin toshe kunne na soso, wanda ake turawa ciki, na manyan yara ne. Ana murza shi ya zama siriri, a ja kunnen sama da baya, a tura, a riƙe da yatsa kamar daƙiƙa 30 har ya buɗe ya cika ramin. Kada a ba ɗan ƙasa da shekara 3, zai iya jefa shi baki ya shaƙe shi. Auduga da takarda ba sa tare komai na a zo a gani, haka ma abin sauraron waƙa na waya. Ko da murfi a kunne, duk bayan awa ɗaya ku fita da yaran zuwa inda babu hayaniya su huta. Jaririn da bai wuce 'yan watanni ba kuwa, a ganinmu barinsa a gida ya fi.

Bayan an koma gida, ku tambayi yaro ko yana jin wani shuu a kunnensa, ko yana jin magana kamar daga nesa. Wannan alama ce ta cewa ƙarar ta yi masa yawa. Idan ya kwana ya wuni bai daina ba, a kai shi a duba. Idan kunne ɗaya ya daina ji kwatsam, ko akwai ciwo ko ruwa na fita, ranar za a je asibiti.

Sai cunkoso. A turmutsitsi yawancin mutane ba tattakewa ce ke kashe su ba, matsewa ce: ƙirji ya rasa wurin buɗewa, numfashi ya tsaya, mutum yana tsaye. A watan Nuwamba na 2021 mutum 10 suka rasu a bikin Astroworld a birnin Houston na Amurka, ƙaraminsu ɗan shekara 9. A 2010 mutum 21 suka rasu a wani biki a Duisburg ta Jamus, a ƙuntatacciyar hanyar da masu shiga da masu fita suka haɗu. Wuraren haɗari sanannu ne: gaban dandamali, ƙofofi, gadoji da lunguna. Lokutan haɗari kuma su ne sa'adda fitaccen mawaƙi zai hau, da lokacin tashi. Da zarar kun shiga ku gane ƙofofin fita aƙalla biyu, ku zauna a gefe ko a baya. Idan kuka ji jikin mutane yana taɓa ku ta kowane ɓangare, kada ku jira ku ga abin da zai faru. Ku ɗauki ƙaramin yaro a ƙirji, ku bi motsin jama'a kuna karkata gefe a hankali har ku fita, kada ku yi kokawa da su, kada kuma ku sunkuya ɗaukar abin da ya faɗi. Ɗora yaro a wuya yana da daɗin kallo, amma cikin matsi in kuka yi tuntuɓe daga sama zai faɗo. Ku tashi kafin waƙar ƙarshe, ko ku zauna har filin ya yi sauƙi.

Ɓatan yaro minti ɗaya yake ɗauka, kuma yakan faru ne lokacin da uba ya ɗauka yana wurin uwa, uwa ta ɗauka yana wurin uba. A faɗa da baki wa ke riƙe da wa. Ku ɗauki hoton kowane yaro da safe cikin kayan da ya sa, ku rubuta lambar wayarku a abin ɗaurawa a hannunsa. Ku nuna masa irin rigar ma'aikatan wurin, ku koya masa ya tsaya inda yake in bai gan ku ba. Manyan yara a tsayar musu da wurin haɗuwa guda, domin layin waya yakan cushe a taro. In yaro ya ɓace, ku sanar da ma'aikata nan take kafin ku fara zagaye.

Rana ta fi ƙuna tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma. Ɗan ƙasa da wata 6 ba a barinsa cikin rana, ba a kuma ba shi ruwa, nono ake ƙara masa. Sauran yara a sa musu hula mai faɗi da tufafi marasa nauyi, a shafa musu man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama, a sake duk awa 2. Ku riƙa miƙa musu ruwa tun ba su nema ba, domin wasa yana mantar da ƙishirwa. Kada a lulluɓe keken jariri da zane don inuwa, iska ce kuka tare, zafi kuma ya taru a ciki. Yaron da ya yi laushi, yana ciwon kai, jiri ko amai, fitsarinsa ya ragu ya yi duhu, a kai shi inuwa, a rage masa kaya, a jiƙa jikinsa da ruwa mai sanyi ana fifita, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan: ƙullin kanti ɗaya a lita 1 ta ruwa mai tsabta. In rabin awa ta wuce bai farfaɗo ba, ko ya rikice, ya suma ko ya fara jijjiga, a kira masu agajin gaggawa, ana ci gaba da sanyaya shi kafin su iso.

Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje ba sanyi. A wanke hannu da sabulu bayan ban ɗaki da kafin ci. Ku duba katin rigakafi kafin tafiya, musamman na ƙyanda, wadda ƙwayarta ke iya zama cikin iska har awa 2 bayan mai ita ya bar wuri. Yaro mai zazzaɓi ko gudawa ya zauna a gida. Mai asma, abin shaƙarsa ya kasance a jakar da ke jikinku, ba a mota ba, saboda ƙura da hayaƙin dandamali. Mai farfaɗiya a tuntuɓi likitansa game da fitilu masu walƙiya. In suka kama shi ba shiri, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya juya baya.

Idan bikin na kwana ne, kada a shigar da gawayi ko murhu cikin tanti, kada kuma a kafa tanti kusa da janareta, domin iskar da suke fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci. In aka ji tsawa, tanti da gindin bishiya ba mafaka ba ne. A shiga gini ko mota a rufe, a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a koma fili.