Don Allah a daina murtsuke ƙwaron nan a jiki

Tun da damina ta ja aka doshi kaka, ba a rasa mai shigowa asibitinmu da ƙuna a wuya, ko a kumatu, ko a damtse, alhali bai kusanci wuta ba. Jan layi ne dogo, da ƙananan ƙuraje masu ruwa jere a kansa, ga raɗaɗi. In na tambaya, amsar kusan ɗaya ce: "Malam, fitsarin gizo-gizo ne." Wasu ma sai su rage murya su ce jifa ne. Ba gizo-gizo ba ne, ba kuma jifa ba. Wani ɗan ƙwaro ne ya hau jikinka, ka kai masa mari, ka murza shi a fata.

Ku san shi da kyau, don da yawa daga cikinku kuna kwana ɗaki ɗaya da shi. Siriri ne, tsawonsa milimita 7 zuwa 10, ya ɗan ɗara ƙwayar shinkafa. Kansa baƙi, ƙirjinsa ja mai ruwan lemo, sai wani baƙi mai sheƙi a tsakiya, sai ja kuma, sai ƙarshen bindi baƙi. Baƙin nan na tsakiya murfin fikafikansa ne, gajere ne, bai rufe cikinsa ba, shi ya sa mutane ke ɗauka tururuwa ce. Amma yana tashi. In aka taɓa shi yakan ɗaga bindi sama, har yara su ce ɗan kunama ne. Masana suna kiran jinsinsa Paederus, kuma danginsu babba ne ƙwarai, nau'i sama da 60,000 a duniya, mafi yawansu baƙaƙe ko ruwan ƙasa, ba ruwansu da kowa. Mai ja da baƙin nan shi ne namu. Kada kuma a haɗa shi da hangara da ke cin furen gero. Ita ma ruwanta na tayar da bororo a fata, amma ta fi shi girma nesa, kuma fikafikanta dogaye ne.

Abin da nake maimaitawa har muryata ta dushe shi ne wannan: ba ya cizo, ba ya harbi. Dafinsa a cikin ruwan jikinsa yake, kuma sai an fasa shi ruwan ke malala a fata. To, me ya sa da an ji motsi a wuya sai hannu ya tafi, fau, a kuma bi da murzawa? Layin da kuke gani hanyar da yatsa ya ja shi ce. Kuma ba nan take ake jin komai ba. Sai bayan kwana ɗaya ko biyu wurin ke yin ja ya kumbura, lokacin mutum ya manta ya taɓa kashe wani abu. Daga nan sai a ɗora wa gizo-gizo laifi, ko maƙwabta.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne na ido. Mutum ya murtsuke ƙwaro cikin barci, ya murza ido da hannun, ya tashi fatar idon ta kumbura ta rufe. A Kenya, inda suke ce masa ƙudan Nairobi, sun sha fama da shi bayan ruwan sama mai yawa na 1997 zuwa 1998. Haka in ruwan ya shiga lanƙwasar gwiwar hannu ko bayan gwiwa, fata ta haɗu da fata, sai ƙuna ta fito biyu, wannan na kallon wannan.

Iyayena mata, na san tausayi ne ke sa ku. Kun ga ƙwaro a fuskar jariri, zuciya ta tsinke, hannu ya riga tunani. Amma fatar jariri ba ta jure wannan ruwan. Hura shi kawai, ko ki sa gefen takarda ya hau ki yar. Ku kuma 'yan makarantar kwana da masu karatun dare a gindin fitila, da ku nake. Ƙwaron nan haske yake bi, musamman farin ƙwan lantarki. Kuna zaune ba riga saboda zafi, taga a buɗe, kuna ta marin jiki. Masu kallon waya a cikin duhu, ku ma hasken ya ishe shi ya sauka a fuskarku.

Manoman shinkafa da masu aikin fadama, a wurinku ya fi yawa, don a ƙasa mai damshi yake hayayyafa. A gona ma yana muku aiki, yana cin ƙananan ƙwarin da ke tsotse shinkafa. Ba na ce a bi shi da feshi a gona ba. In aka yi girbi ko aka ƙona tattaka, sai ya rasa mafaka ya nufo fitilun gari.

Sai ɓarna ta biyu, bayan an ƙone. Man goge baki, toka, kalanzir, man birki, man bilicin, babu wanda ban gani an shafa ba. Haba jama'a! Ƙunar da za ta warke cikin mako ɗaya zuwa uku, sai a mayar da ita gyambo, a bar wa yarinya baƙin tabo na watanni a fuska.

Abin yi kaɗan ne:

- In ya hau ka, hura shi ko ka kaɗe shi da takarda. Kada ka mare shi, kada ka murza.
- In ka riga ka fasa shi, wanke wurin da hannuwanka nan take da sabulu da ruwa mai yawa. Kada ka taɓa ido.
- Wanke riga, tawul ko zanin gadon da ruwansa ya taɓa.
- Kakkaɓe shimfiɗa kafin kwanciya, a shiga gidan sauro, a kashe fitilar kusa da gado, a sa raga a taga.
- In ƙuna ta fito, ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi. Kada a fasa ƙurajen, kada a sosa.

A zo asibiti in ya taɓa ido, in jariri ne, in wurin ya yi faɗi, ko ya fara ruwan mugunya ko zazzaɓi ya biyo. A zo ma don mu tabbatar shi ne, domin akwai ciwon da ƙwayar ƙarambau ke tayar wa manya a gefe ɗaya na jiki, yana kama da wannan, kuma maganinsu daban. Akwai man shafawa da muke bayarwa mai kwantar da raɗaɗin. Masu gida, yau da dare ku tara yara ku kwatanta musu kamanninsa, ja da baƙi, ku nuna musu yadda ake hure shi.