Tsohon fim "a 4K": abin da kalmar ke nufi da abin da ake sayar mana da sunanta

Kalmar 4K ta zama ruwan dare. Mai sayar da talabijin yana faɗinta, mai ɗaukar hoton biki ya rubuta ta a allon shagonsa, yanzu kuma ta kutsa cikin tsofaffin finafinai. Ka nemi waƙar wani fim ɗin Indiya na shekarun 1950 a YouTube, sai ka tarar an manna mata "4K" da manyan baƙaƙe, an shafa mata launi, fuskar jarumar ta yi sulɓi babu ko ɗigon gumi. A rediyo ma akan ji mai gabatar da shiri yana albishir cewa an "mayar da" wani fim ɗin Hausa na zamanin kaset 4K. Wannan albishir shi ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin abu ne da ba ya yiwuwa.

Ita kalmar lissafi ce kawai. Harafin K yana nufin dubu, wato faɗin hoton ya kai ɗigo kusan 4,000. A gidan silima 4096 ne a faɗi, a talabijin na gida 3840 a faɗi da 2160 a tsaye, jimilla ɗigo miliyan 8 da 'yan kai. Faifan VCD da aka sha kallo a gidajenmu 352 ne da 288, wato ɗigo dubu 101 da 'yan kai. Idan ka ɗauki hoton VCD ka buɗa shi ya cika 4K, a cikin kowane ɗigo 82 guda ɗaya ne ya fito daga fim ɗin, sauran 81 manhaja ce ta ƙirƙiro. Ƙara ruwa ne a kunu don ya cika ƙwarya. Fim ɗin da tun asali da kyamarar bidiyo aka ɗauke shi a kan kaset, kamar yawancin finafinan Hausa na shekarun 1990, iyakarsa abin da kaset ɗin ya riƙe. Ana iya tsabtace shi, a daidaita sautinsa, a adana shi, kuma ya kamata a yi. Amma babu 4K a cikinsa da za a tono.

Abin da mutane ke sha'afa shi ne fim ɗin 1942 ya fi bidiyon 2002 cikar hoto nesa ba kusa ba. Finafinan zamanin da ake kira na zinare, na Hollywood daga ƙarshen shekarun 1920 zuwa farkon 1960 da na Bombay a shekarun 1950, a kan zaren fim mai faɗin milimita 35 aka ɗauke su. Shi zaren ba ya lissafi da ɗigo. Ƙwayoyin azurfa ne ƙanana birjik a jikinsa, haske ya taɓa su suka riƙe sura, kuma abin da suka riƙe ya isa a yi masa sikanin a 4K a samu sabon abu na gaske: saƙar riga, gashin gira, rubutun da ke jikin bango can baya. To amma wane zaren? Nan gizo ke saƙar.

Akwai negatif na asali, wanda shi ne ya ratsa cikin kyamara ranar ɗauka. Daga shi ake buga kwafi na biyu don ajiya, daga na biyun a buga wani negatif, daga shi kuma a buga kwafe-kwafen da ake rarraba wa gidajen silima. Kowane hawa yana cin wani abu: kaifi ya ragu, baƙi ya cushe, fari ya ƙone. Kwafin da ya iso Kano ko Kaduna a wancan lokaci sau da yawa hawa na huɗu ne, kuma ya riga ya sha majigi a garuruwa da dama, duk ya yi zane-zane. Saboda haka tambayar farko ga duk wanda ya ce maka fim ɗinsa 4K ne ita ce daga me aka yi sikanin. Kamfanonin da suka san aikinsu suna rubuta wannan a farkon fim ko a jikin kwali. Wanda ya yi shiru a kai, yawanci daga tsohon DVD ya kwaso.

Negatif ɗin ma sau da yawa babu shi. Har zuwa farkon shekarun 1950 da sinadarin naitiret ake yin zaren fim, abin da ke kama wuta nan take, kuma ko an tsoma shi a ruwa yana ci gaba da ci, don iskar da wutar ke bukata tana jikinsa. A 1937 ma'ajiyar kamfanin Fox a jihar New Jersey ta ƙone da mafi yawan finafinansu marasa magana. Binciken da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun ɓace kwata-kwata. Mu ma mun ɗanɗana: a watan Mayun 1951 gidan siliman El Duniya ya ƙone a Kano, mutum fiye da 300 suka rasu, kuma daga zaren fim da ya kama a ɗakin majigi wutar ta taso. Zaren asitet da ya maye gurbinsa ba ya ci haka, amma yana da tasa cutar. Zafi da laima suna sa shi fitar da warin ruwan khal, ya motse, ya lanƙwashe, har ya kai ba ya warwaruwa. Gwangwani ɗaya mai wari yana harbin na kusa da shi, shi ya sa ake ware shi a sa a ɗakin sanyi.

Misalin da ya fi nuna abin da gyara na gaskiya ke nufi shi ne na finafinai uku na labarin wani yaro mai suna Apu da daraktan Indiya Satyajit Ray ya yi a 1955 da 1956 da 1959. A 1993 gobara ta tashi a wani ɗakin wanke fim a Landan inda aka ajiye negatif ɗinsu. Ragowar da aka ceto duk ta ƙone a gefe, ta bushe, ta manne. Ba a zubar ba, aka adana ta shekara 20. Daga baya aka kai ta ɗakin gyara na birnin Bologna a Italiya, inda aka fara sa mata laima a hankali har ta yi laushin da za a iya warware ta ba ta karye ba. Sannan aka zauna da hannu ana cire tsohon gam, ana sake haɗa inda ya tsinke, ana gyara ramukan gefe ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya ci kusan awa 1,000. Duk da haka kusan kashi 40 cikin 100 na fim na farko ne aka iya ɗauka daga negatif, na biyu fiye da 60, na uku kuwa dole aka koma kan kwafe-kwafen ajiya. Aka fito da su a 2015.

Ka duba yawan aikin. Fim yana tafiya firam 24 a daƙiƙa, wato hotuna ɗaiɗai 24, nadi ɗaya na ƙafa 1,000 minti 11 ne. Fim mai minti 100 firam 144,000 ke nan, kowanne a 4K yana cin wajen megabait 50, jimilla terabait 7 kafin a taɓa komai. Idan zaren ya motse, ba a sa shi a sikana mai haƙora, don haƙoran za su yaga ramukan. Idan ya yi zane a bayansa, sai a ratsa shi ta cikin wani ruwa da ke cike zanen lokacin ɗauka, haske ya wuce kamar babu shi. Bayan nan ne kwamfuta ke shigowa, ta tsayar da rawar hoto, ta cire ƙura da tabo. Kuma a nan aka fi yin ɓarna. Manhajar share ƙura tana neman abin da ya bayyana a firam ɗaya ya ɓace a na gaba, to ai haka ruwan sama yake, haka tartsatsin wuta yake. In babu mutum a zaune yana dubawa, sai ta share su. Ɗan yashi-yashin nan da ke motsi a hoton kuwa, wanda masu ƙirƙirarriyar basira ke gaggawar gogewa, shi ne hoton kansa. Ka goge shi, ka tafi da ramukan fata da saƙar tufa, manhaja ta zana maka haƙora da idanun da ba na jarumin ba.

Batun launi ya fi ba ni haushi. Baƙi da fari ba talauci ba ne. Mai ɗaukar hoton ya tsara fitilunsa, mai kwalliya ya zaɓi janbaki, mai tufafi ya zaɓi yadi, duk bisa yadda za su fito a toka-toka. Launin da aka shafa yau hasashe ne, kuma yana cike inuwar da aka yi wahala aka gina. Rigimar shafa launi a Amurka a shekarun 1980 tana cikin abin da ya haifar da dokar adana finafinai ta 1988. Daban ne da fim ɗin da tun asali mai launi ne. Na tsohon tsarin launi na Technicolor, negatif uku ne kyamara ke ɗauka lokaci guda, kowanne na launi ɗaya, kuma da shekaru kowanne yakan motse da nasa gwargwado, sai ka ga ja ko kore yana leƙowa a gefen fuska. Daidaita su uku ɗin gyara ne. Haka dawo da launin zaren fim na Eastmancolor da ya koɗe ya koma ja-ja.

Namu ma ya taɓa samun irin wannan gata. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, an gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Ya yiwu ne saboda a kan zaren fim aka ɗauke shi.

Ko ka samu gyararren kwafi, talabijin ɗinka na iya lalata shi. Finafinan da aka yi tsakanin 1932 da 1953 kusan murabba'i ne, faɗi 1.37 a kan tsayi 1, allon yau kuwa 1.78 ne. Dole a ga baƙi a dama da hagu. In hoton ya cika allo, ko dai an ja shi fuskoki sun yi faɗi, ko an yanke kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sama da ƙasa, kawunan mutane da ƙafafun masu rawa sun tafi. Sai ka shiga saiti ka mayar da girman hoto kan na asali ko 4:3. Ka kashe abin da ke ƙara firam na ƙarya tsakanin na gaske, wanda Samsung ke kira Auto Motion Plus ko Picture Clarity, LG ke kira TruMotion, Sony ke kira Motionflow. Ka kashe rage hayaniyar hoto, ka sauke kaifi zuwa ƙasa, in kuma akwai Filmmaker Mode, shi kaɗai ya ɗauke maka duk wannan. Idan waƙar ta zo maka a ɗan sanyaye fiye da yadda ka saba ji, ba lalacewa ta yi ba: kaset da talabijin na tsarin PAL, irin wanda muka saba da shi a nan, suna gudu firam 25 ne maimakon 24, don haka fim mai minti 100 yana ƙarewa a minti 96, murya kuma ta ɗan haura sama.