Mandarin ba ƙabila ba ce, jama'a

Kwanan nan ko ina ka juya sai ka ji Mandarin, masu zuwa Sin saro kaya na neman mai koya musu, rediyo ma ta ɗauka, har na ji wani mai gabatar da shiri yana cewa "ƙabilar Mandarin ce ta fi yawa a Sin". Wannan maganar tana ci min rai gaskiya. Ƙabilar da ta fi yawa sunanta Han. Mandarin kuwa asalinsa jami'in gwamnatin sarki ne, Turawan Fotugal ne suka ari kalmar daga yaren Malay inda menteri ke nufin minista, daga baya aka laƙaba wa yaren da jami'an ke aiki da shi sunan.

In kana son ganin Mandarin na gaske to duba tsofaffin zanen nan da mutane ke yaɗawa suna cewa wai sarkin Sin ne, mutum zaune a kujera ya fuskanto ka kai tsaye, ba murmushi, ga doguwar riga har ƙasa. Yawanci ba sarki bane. Kalli ƙirjinsa, akwai wani ƙyalle mai kusurwa huɗu da aka yi wa aiki da zare, shi ne shaidar muƙaminsa, tun 1391 a daular Ming aka kafa wannan ƙa'idar kuma daular Qing ta ci gaba da ita har faɗuwarta a 1912. Matakai tara ne. Ma'aikacin farar hula tsuntsu ake ɗinka masa, na ɗaya wani tsuntsu dangin gauraka, na uku ɗawisu, soja kuma dabba, su zaki da damisa. Matarsa ma in an zana ta alamar mijin take sawa.

Abin da ya fi taɓa ni, da yawa bayan mutum ya rasu ake zanawa, iyalai su je wajen mai zane ya buɗe musu littafin fuskoki su nuna wadda ta fi kama da mahaifinsu, a rataye shi lokacin sabuwar shekara don girmama magabata. Amma rigar ba a wasa da ita, domin da yawansu jarrabawa mai tsananin wuya suka ci kafin su sa ta, wasu har furfura suna zaunawa, sai 1905 aka soke jarrabawar. Ni dai ina ganin girman tsarin da zai ba ɗan manomi damar zama babban jami'i da karatunsa, duk da cewa 'ya'yan masu hali sun fi samun lokacin karatun.